Wutsiyar Korau

A wani daji da ke bayan wani dogon dutse, inda tafki ɗaya ne kawai ke kai ƙarshen bazara bai ƙafe ba, an yi wani tsohon dage mai suna Korau. Dage kun san shi, gajeren nan mai farin baya da ke fasa gidan zuma da rana tsaka, ƙudan na harbinsa yana lasar baki. To Korau ya fi duk danginsa taurin rai. Mesa ta taɓa naɗe shi, ta gaji ta sake shi don kanta. Gobarar daji ta bi ta kansa ta tafi da gashin kafaɗarsa. Tarkon maharbi ya cinye masa yatsu biyu, shi kuwa ya ja tarkon ya tafi da shi gida. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha waɗannan labarai, ko ya tambaya ko bai tambaya ba, kuma kowace shekara mesar tana ƙara tsawo. Kada wani ya ce cika baki ne. Tsohon da ya ga abin da Korau ya gani kuma yana yawo da ƙafarsa ai ya isa ya faɗa, yaran yanzu da ƙaya ke kwantar da su sai su saurara.

Ana nan sai wani aku ya dawo dajin daga birni. Ya daɗe a keji a bakin tagar wani aji inda ake koya wa yara Turanci, ba abin da ya wuce kunnensa, shi ya sa aka riƙa ce masa Malam Ɗan'aji. Ranar da majalisar dabbobi ta zauna a gindin dutsen, ya nemi izini, ya hau reshe ya gyara murya.

Ya ce, "Ranku ya daɗe, na zauna inda ake gyara magana, na ga abin da ya sa masu Turanci suka fi mu tsari. Su ba sa barin kalmominsu barkatai kamar yadda muke zaune a nan. Kowace da ajinta. Akwai suna, shi ne babba, ba ya motsi, a kansa ake magana. Akwai sifa, tana tsaye gefen suna tana faɗin kyansa. Akwai wakilin suna, wanda ke miƙewa a madadinsa don kada a gajiyar da shi. Can ƙasa kuma ga aikatau, masu gudu da tono da ɗauka, kullum suna cikin ƙura. Amma ga inda hikimar take. In wata kalmar aikatau ta yi fice, ba sa barin ta cikin wahala. Sai su ɗaura mata 'yar wutsiya a ƙarshenta, nan take ta daina gudu, ta zama suna, ta zauna. Na ji malamin yana sa yara suna maimaitawa har na haddace. To in kalma ta samu wannan gata, mu me muka yi?"

Kura ce ta fara cewa maganar ta shige ta. Sauran suka dubi juna, ba wanda ke son a gane bai fahimta ba, aka amince.

Aka share wani kogo mai zurfi a jikin dutsen aka ce Zauren Sunaye ke nan. Tsuntsaye masu saƙa suka kitsa doguwar wutsiya ta kaba, aka ɗaura wa tsohon zaki a kan tasa, kura ta riƙe shi ta shige da shi. Bayan shi sai ɓauna, sai wata barewa da ta cika tambaya. Dokar ba ta da yawa. Suna ba ya fita, ba ya magana, ba a shiga wurinsa, sai dai iyalinsa su zo bakin kogo su gaishe shi su ajiye abinci. Dila ya zama sifa, yana tsaye a ƙofa yana yabon na ciki. Kura ta zama wakilin suna. In magana ta taso a majalisa, sai ta juya ta fuskanci kogon ta ce ga abin da za a yi, wanda bai yarda ba a cikin manya ya faɗa. A saurara. Wata iska mai sanyi ta fito daga ciki da wani wari kamar na majema. Sai kura ta juyo ta ce sun yarda.

Abin da ya fi shiga jikin kowa shi ne tafki. Iyalan sunaye su ne farkon sha, da ruwan na kwance garai-garai. Sai sifofi. Aikatau su zo ƙarshe su tsotsi laka.

Korau aka sa shi cikin aikatau, aji ɗaya da ɓera. Wannan ya ci masa rai, amma bai kai abin da ya biyo baya ba. Yana da aboki tun ƙuruciya, wani gadu mai suna Nomau, mai gardama da gurnani, wanda in ka ce gabas sai ya ce yamma ko da can za shi. Da laka ta ishi Nomau, ya tafi busasshen rafi ya yi ta tonon yashi da haurensa har ruwa ya ɓulɓulo. Aikatau suka koma can suna sha, ba layi, ba na gaba ba na baya. Ba a daɗe ba majalisa ta ce Nomau ya yi fice. Aka ɗaura masa wutsiya, dila na kirari, kura ta shige da shi. Zama na gaba kura ta tambayi kogo ko a cike ramin rafi, tunda ruwan da ba shi da tsari raini yake kawowa. Ba wanda ya ƙi a ciki, har da Nomau. Aikatau aka sa suka cike shi, Korau na cikinsu yana tura yashi yana huci.

Ba cike ramin ne ya dame shi ba, gaskiya ɗaya ce. Wutsiyar ce. Ya samu Malam Ɗan'aji ya karanta masa mesa da gobara da tarko. Ya tsaya bakin tafki yana faɗa da ƙarfi cewa shi ya koya wa Nomau tono, in kuwa tono ne ke kawo wutsiya gobe zai buɗe ramin nan ya ƙara wani a gefensa, a ga wanda zai hana shi. Maganar ta kai kunnen kura. Ta zo har bakin raminsa da kanta, ta yi ƙiba tana sheƙi, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Korau, mun yi sakaci," in ji ta. "Irinku ai ba a barin ku a rana. An sa masu saƙa sun fara taka, ranar zaman majalisa za a ɗaura."

Ranar nan Korau ya zagaye dajin kaf, ba wanda bai ji ba.

Sai dai wani abu ya tsaya masa a rai. Shi ba ya iya wuni bai yi magana ba, kuma ba ya iya kwana biyu bai sha zuma ba. Ya ce bari ya tambayi Nomau yadda zaman yake, kowa ya san dokar hana shiga ba don irinsu aka yi ta ba. Ya bari sai da rana ta take, lokacin da kura ke barci ƙarƙashin sabara, dila ya tafi neman inuwa. Angulaye na jere a kan dutsen, suka bi shi da ido, ba wanda ya tashi. Ya shiga.

Ciki da sanyi, da duhu-duhu. Da idonsa ya saba sai ya gan su a jere a jikin bango, zaki can ƙurya, kowa a zaune kansa a ɗage, wutsiyar kaba a shimfiɗe a gabansa, idanunsu farare suna ƙyalli. Ba numfashi ko ɗaya sai nasa. Ya yi sallama, muryarsa ta je ta dawo masa. Nomau ne na kusa da ƙofa.

"Kai shege, ka samu wuri har ba ka amsa sallama," Korau ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni ne fa. Ina nan tafe, ka matsa mini."

Nomau bai ce ba zai matsa ba. Nan ne gaban Korau ya faɗi. Ya matso ya duba. Tururuwa ce ke fitowa ta hancin abokinsa a layi, kowace da guntun ciyawa a baki. Abin da ke ƙyalli a idon ba ido ba ne, katantanwa ce aka cusa. Ya sa ƙafa ya taɓa cikin, ya ji ya lotsa yana ƙaras-ƙaras, ga ɗinkin kaba tun daga wuya har ƙasa. Nomau ya ɗan karkace ya jingina da ɓauna, ɓauna ma ta motsa, motsin ya bi layin har zaki, kawunansu duka suka girgiza a hankali kamar masu cewa haka ne.

Wanda mesa ba ta sa shi rawar jiki ba, ranar nan da baya da baya ya fito.

A bakin kogo ya iske Yalwa, matar Nomau, tana ajiye saiwoyi a kan faifan dutse. Ta gan shi ya fito daga inda ba a shiga. Ta durƙusa ta gaida mijinta, ta tambaye shi ya kwanan zaure, ta ba shi labarin yara. Korau ya jira ta gama, ya ja ta gefe ya gaya mata abin da ya gani, bai rage komai ba. Yana jiran ta faɗi. Ita kuwa ƙasa take kakkaɓewa daga gwiwarta.

Ta ce, "Korau, shekara nawa ina zaune da shi? Ranar da na fara gaishe shi ya yi shiru na gane. Nomau ko barci yake in na yi magana sai ya musa. Mijin ɓauna ma ya sani, uwar barewa ta sani. Saiwar nan dila ke cinyewa, shi ma na sani. Amma ka ga 'ya'yana kwanan nan? Sun yi jiki, sun daina gudawa. Da yana raye laka muke sha, ruwan da ya tono ma da ba a bar mana shi ba. In na yi kuka na ce ya mutu, matar mamaci ba ta da layi a tafki, matar suna ce ke da shi. Ka bar ni in gaida mijina."

Ya tafi gida. 'Yarsa Tasalla na bakin rami tana shayarwa, haƙarƙarinta a waje, bakinta duk busasshiyar laka. Tun da aka yi maganar wutsiya fuskarta ta sake, har maƙwabta sun fara gaishe ta da safe. Ya zauna ya gaya mata. Ta saurara tana lasar kan ƙaramin ɗanta, ba ta ɗago ba. Da ya gama ta ce wataƙila duhu ne ya ruɗe shi, tsufa kuma ya zo. Ya ce da ƙafarsa ya taɓa.

"Baba, kai ka ce kana so," ta ce. "Gaban kowa ka faɗa. Ni ban roƙe ka ba. Ƙaramin nan jiya bai iya tsotso ba, ba abin da ke fitowa."

Ya dubi jikokinsa, ya dubi ƙafarsa mai yatsu uku. A ransa ya auna abin ta kowane gefe, don Korau ba mugu ba ne, yana son yaran nan. Ya tsufa, ya ci zumarsa, ya ga duniya. Amma duk sanda ya kai ga yarda sai ya tuna tururuwa, ya ji hancinsa na ƙaiƙayi. Abin da bai ba mesa ba, bai ba wuta ba, ya ɗauka ya miƙa wa kura tana durƙuso? Ya ce a'a. In dajin nan ya ji gaskiya daga bakinsa a fili, ai dole a watse, a koma rafi a tona, kowa ya sha. Wa ya isa ya ƙaryata Korau?

Ranar zama kowa ya hallara. Tsuntsaye suka sauko da wutsiyar, doguwa, kitsonta ya fi na kowa kyau, an bi ta a hankali. Dila ya fara kirari, ya kawo mesa ya ƙara mata tsawon da ko Korau bai taɓa ba ta ba. Tasalla na gaba da yaranta, an ba ta wuri kusa da Yalwa. Korau ya fito tsakiyar fili ya ce a dakata.

Ya ce, "Jama'a, ni ban zauna a taga ba, ban san Turanci ba, amma na san gawa. Na shiga kogon nan da rana tsaka. Ba kowa a ciki. Fatu ne aka cusa wa ciyawa aka ɗinke, aka sa musu katantanwa a ido. Zaki ciyawa ne, ɓauna ciyawa ce, abokina Nomau tururuwa na kwasarsa ta hanci. Naman kuwa ku dubi wuyan wakiliyarku ku ga inda ya tafi. Duk abin da aka ce sun yarda, ba wanda ya yarda. Wanda ke musu ya taso in kai shi, ga ƙofa nan."

Ba wanda ya taso, ba kuma wanda ya yi salati. Wasu suka sunkuya, wasu suka shiga sosa kunne. Uwar barewa ta kau da kai kamar an yi tusa a taro. Malam Ɗan'aji ya ce a hankali wannan shi ne ciwon aikatau, komai sai sun taɓa.

Kura ba ta yi fushi ba. Ta ce zargin babba ne, kuma tsoho ne ya kawo shi, ba za a share ba, za a bi hanya. Ta juya ta fuskanci kogon ta rusuna.

"Ranku ya daɗe, kun ji abin da Baba Korau ya ce. In akwai wanda ya mutu a cikinku, ya faɗa."

Aka saurara. Iskar nan ta fito, ta kaɗa wutsiyar kabar da ke ƙasa.

"Babu," in ji kura. Majalisa ta sauke numfashi, har da masu gyaɗa kai. Ta ɗauki wutsiyar ta nufo shi tana murmushi. "Juyo, Baba."

Ya dubi Tasalla. Tana kallon ƙasa, ta sa ƙafa ta rufe idon ƙaramin. Sai Korau ya yi abin da ya iya. Ya cafki kura a hanci ya rataya har ta yi ƙara, ya sake ta ya bi ta tsakanin ƙafafun jama'a, ya faɗa sarƙaƙiya inda ba mai iya binsa, ya yi ta tono yana ɓullowa har ya bar jin muryoyi. Abin da ya ba shi mamaki daga baya, ba wanda ya biyo shi.

Ya yi sauran bazarar a wani fako mai nisa, yana cin kunama da ƙwaro, yana lasar raɓa. Ya samu wasu ƙadangaru yana ba su labari, yanzu labaran sun zama huɗu. Da ruwan farko ya sauka ya ce ai an huce, bari ya je ya ga jikokinsa, ko ya kwashe su su dawo nan.

Ya shigo da hantsi, bai ɓuya ba. Ya gamu da zomo ya yi masa magana, zomo ya wuce. Ya gamu da dila, dila ya dube shi kamar kututture. Ba wanda ya kama shi, ba wanda ya gudu, hanya kawai ake ba shi ba a kallonsa. Ya bi ta bakin raminsa, ya ga na maƙwabcinsa, wani tsohon tunku, ya cika da yanar gizo. Ya wuce gindin dutse.

Tasalla na durƙushe a bakin kogo. Ta yi jiki, gashinta na sheƙi, yaran uku duka suna bayanta suna kokawa. Ta ajiye saƙar zuma a kan faifan dutse tana cewa Baba ina kwana, ya sanyin zaure. Korau ya leƙa ta kanta. Kusa da ƙofa, gefen Nomau, ga wata 'yar dabba mai girman tunku a zaune kanta a ɗage, an shafa mata toka a baya ta yi fari, an ƙone gashin kafaɗarta, an cire mata yatsu biyu. Doguwar wutsiyar nan na shimfiɗe a gabanta.

"Tasalla," ya ce. "Ga ni."

Ta gama gaisuwarta tukuna. Ta tashi ta tattara yaran ta sa su a gabanta. Da ta zo wucewa ta tsaya dab da shi, idonta a kan hanya, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Bawan Allah, babanmu yana ciki, kowa ya shaida. Kai ban san ka ba. In kana da sauran tausayi kada ka sake biyowa ta nan."

Babban cikin yaran ya waiwayo yana shinshina iska, ta buge masa kai ya juya.

Korau ya daɗe a tsaye shi da abin da ke cikin kogon suna kallon juna. Ya buɗe baki zai faɗa wa wani cewa shi ne, ya duba bai ga wanda zai faɗa wa ba. Ya juya ya kama hanyar fako. Yana can har yanzu, da ransa da lafiyarsa, kura ta mutu ta bar shi, aku ya mutu ya bar shi, ba abin da ya ci shi. In baƙo ya tambaye shi ko shi wane ne, sai ya ce mesa ta taɓa naɗe shi.

A dajin kuwa majalisa na nan tana zama, kogon ya cika har an share na biyu. Dattawan da suka san Korau tun da can sukan ce, tsakani da Allah, tun da aka ɗaura masa wutsiya halinsa ya gyaru.